Babi na Bakwai: Cingam Marar Sukari da Abin da Aka Rubuta a Bayansa

Gwaggona ce ta fara jawo hankalina ga wannan magana. Tana da ciwon suga, ga hawan jini da ta daɗe tana fama da shi, magungunan da take sha kuma suna busar mata da baki har harshe ya riƙa manne wa ganda. Likitan haƙori ya ba ta shawarar ta riƙa taunar cingam marar sukari bayan cin abinci don yawu ya riƙa gudana. Ta karɓi shawarar, duk da cewa a tarbiyyar da ta tashi da ita babbar mace ba ta taunar cingam a gaban jama'a. A ɗaka take taunawa, baki rufe, babu ƙas-ƙas. Sai a daminar 2023 ta ji a rediyo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wani sinadarin zaƙi cikin abubuwan da ake zargi da jawo cutar daji, kuma wai yana cikin cingam. Da na je gaishe ta na tarar ta ture kwalin gefe.

"Ɗan nan," in ji ta, "an ce in bar sukari na bari. Yanzu kuma an ce wanda aka sa a madadinsa shi ma ba lafiya ba. Ka nemo mini wanda babu wannan babu wancan."

Na ce, "To Gwaggo, in Allah ya yarda."

Washegari na shiga wani babban kanti a Kano, na tsaya gaban kantar cingam ina ɗauka ina juyawa. Duk wanda aka rubuta wa "sugar free" da manyan baƙaƙe a gaba, in na duba ƙananan rubutun baya sai in tarar da sinadarin da Gwaggo ke gudu, ko wani ɗan'uwansa. Na fito hannu rabbana, amma na fito da tambayar da ta haifi wannan babi: in an cire sukari daga cingam, me ake sawa, kuma wanne ne mutum zai iya kauce wa?

Shi cingam a karan kansa ba shi da ɗanɗano. Asalinsa danƙon bishiya ne. Mutanen Maya da Aztek na yankin Meziko sun daɗe suna taunar danƙon bishiyar sapodila da suke kira cikil, kuma daga can wani Ba'amurke mai suna Thomas Adams ya ɗauko shi ya mayar da shi haja a birnin New York wajen 1870. William Wrigley na Shikago ya biyo baya, ya fitar da Juicy Fruit da Spearmint a 1893. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanoni suka bar danƙon bishiya suka koma wa danƙon da ake haɗawa a masana'anta, dangin roba, wanda shi ne a mafi yawan cingam ɗin da ke kasuwa yau. Da na bishiya da na masana'anta, in ka tauna su zalla kamar ka tauna igiyar roba ne. Saboda haka dole a zuba masa zaƙi da ƙamshi, kuma a cingam irin na da, wanda muke saya a tiren 'yan talla muna yara, sukari ne ya fi komai yawa a cikinsa.

Abubuwan da suka maye gurbin sukarin gida biyu ne, kuma rashin bambanta su shi ne tushen ruɗanin da mutane ke shiga.

Gida na farko su ne masu tsananin zaƙi, waɗanda aka ƙirƙira a ɗakin bincike. Babban yayansu sakarin ne, wanda Constantin Fahlberg ya gano a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 1879. Sai asfatam, wanda James Schlatter ya yi kiciɓis da shi a 1965 yana tsakiyar neman maganin gyambon ciki, ya lashi yatsansa ya ji zaƙi. Sai asesulfam K da aka gano a Jamus a 1967, da sukuralos da aka samo a Landan a 1976. Asfatam ya ninka sukari zaƙi kusan sau 200, sukuralos kuwa kusan sau 600, don haka ɗan mitsitsi ake sawa. Waɗannan su ne abin da mutane ke nufi in sun ce suna gudun zaƙin kamfani.

Gida na biyu dangin sukari ne na nesa: sobitol, manitol, maltitol, isomalt, eritiritol da zailitol. Ana samun wasunsu kaɗan-kaɗan a cikin 'ya'yan itatuwa, ko da yake wanda ke cikin cingam a masana'anta ake sarrafa shi, galibi daga sitaci ko ɓawon tsirrai. Turawa na kiransu "sugar alcohol", sunan da na ga ya tayar wa Musulmi da yawa hankali. Babu barasa a cikinsu ko ɗigo, ba sa bugarwa, sunan ya fito ne daga yadda masana kimiyyar sinadarai ke rarraba ƙirar abubuwa. Su ne ke ba cingam jiki da nauyi a madadin sukari.

To me ya sa kamfani zai haɗa gida biyun a ƙwaya ɗaya? Sobitol ya fi araha, amma zaƙinsa bai wuce kashi 60 cikin ɗari na zaƙin sukari ba, kuma yana narkewa cikin 'yan mintoci. Sai a ƙara masa asfatam ko asesulfam, a lulluɓe su yadda za su riƙa fita a hankali, zaƙin ya daɗe a baki. Wannan daɗewar da ake tallata cingam da ita, daga gida na farko take fitowa. Duk cingam ɗin da ka yi rabin awa kana taunawa yana nan da zaƙinsa, kusan tabbas akwai ɗayansu a ciki.

Yanzu mu koma ga labarin da Gwaggo ta ji. A ranar 14 ga Yuli 2023 rassa biyu da ke aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da sakamako rana ɗaya. Cibiyar binciken cutar daji da ke Liyon a Faransa ta saka asfatam a rukunin da ake kira 2B, wato abin da mai yiwuwa yana iya jawo cutar daji, bisa hujja ƙalilan da ta shafi dajin hanta. Wannan rukuni ba ya auna girman haɗari, ƙarfin hujja yake aunawa, kuma a cikinsa akwai ruwan ganyen alobera da ba a tace ba. Ɗaya reshen, kwamitin ƙwararru kan abubuwan da ake ƙara wa abinci, ya duba yawan da mutum zai iya ci ba tare da cutuwa ba, ya bar shi yadda yake: miligiram 40 a kowane kilo na nauyin jiki a kullum. Mai nauyin kilo 60 ke nan yana da iyakar miligiram 2,400. Ƙwayar cingam guda 'yan miligiram ne a cikinta. Ko da mun ƙaddara goma ne, sai mutum ya tauna ƙwaya 240 a yini kafin ya kai iyakar.

Ban kawo wannan lissafi don in ce wa mai gudun asfatam ya daina ba. Akwai waɗanda haramcinsa a kansu na likita ne, wato masu wata cutar gado da ba kasafai ake samunta ba, fenilketonuriya, waɗanda jikinsu ba ya iya sarrafa ɗaya daga cikin sinadaran da asfatam ke rikiɗewa zuwa gare su. Saboda su ake rubuta gargaɗi da kalmar "phenylalanine" a jikin kwali. Akwai kuma waɗanda suka lura duk sanda suka sha abin da ke da shi sai kai ya sara musu, kuma wanda ya lura da haka a jikinsa ba ya bukatar izinin kowa kafin ya bari. Wani bincike da aka yi kan mutum 120 a Cibiyar Weizmann, aka buga a 2022, ya nuna sakarin da sukuralos na iya sauya ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji da yadda jiki ke sarrafa sukari. Maganar ba ta ƙare a wurin masana ba, kuma mutumin da ya ce zai tsaya gefe har ta ƙare, ra'ayinsa mai hankali ne. Abin da nake so shi ne ya san girman abin da yake gudu, domin tsoron da ba a auna shi ba yakan sa a gudu daga gara a faɗa gidan zago. Na san waɗanda suka ji labarin nan suka koma wa cingam mai sukari, suna jiƙa haƙoransu da ruwan sukari sau biyar a yini. Cutarwar wannan ba zargi ba ce, tabbas ce.

Ga yadda abin yake. Abin da iyayenmu ke kira tsutsar haƙori ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a dattin da ke manne wa haƙori. In sun sami sukari sai su cinye shi su fitar da tsami, tsamin ya riƙa zaizaye farin ɓawon haƙori har ya yi kogo. Bayan kowane cin abinci tsamin baki na ƙaruwa na wani lokaci, yawu ne ke wanke shi ya mayar wa haƙori sinadaran da ya rasa. Tauna tana ninka zubar yawu sau da yawa, shi ya sa ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ke ba da shawarar taunar cingam marar sukari na minti 20 bayan cin abinci. Amfanin a taunar yake da yawun da take kawowa. Wannan ne ya sa mai bushewar baki irin Gwaggo bai kamata ya watsar da cingam gaba ɗaya ba, domin busasshen baki shi ne gonar kogon haƙori.

A cikin gida na biyu, zailitol ne ya fi dacewa da bukatar wanda ke gudun gida na farko, saboda zaƙinsa ya yi kusan daidai da na sukari, yana iya tsayawa shi kaɗai ba tare da an tallafa masa da asfatam ba. Yana da wani sanyi-sanyi a harshe in yana narkewa. An san shi tun wajen 1890, amma mutanen Finlan ne suka ɗaukaka shi. A farkon shekarun 1970 masu bincike a Jami'ar Turku suka gwada shi a kan mutane, suka ga kogon haƙori ya ragu sosai a waɗanda suka ci shi a madadin sukari, domin bakteriyar da ke cin haƙori ba ta iya narkar da shi ta fitar da tsami. A 1975 aka fara sayar da cingam mai zailitol a ƙasar da sunan Jenkki, kuma har yau al'ada ce a can a ba yara bayan cin abinci. Da farko daga itacen wata bishiyar ƙasashen sanyi mai farin ɓawo ake samo shi, yanzu kuwa mafi yawansa daga totuwar masara ne, wadda mu muke hura wuta da ita. Sai dai da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa aka yi musu nazarin ƙwaƙwaf a 2015, an ga hujjar cewa ya fi sauran danginsa kare haƙori ba ta da ƙarfin da ake tallatawa. Abin da babu musu a kansa shi ne ba ya ciyar da bakteriyar, kuma ba ya ɗaga sukarin jini kamar sukari. Ga Gwaggo wannan ya wadatar.

Akwai kamfanonin da suka gina sunansu a kan cingam mai zailitol marar asfatam, irin su PUR na Kanada da Spry na Amurka. Samunsu a kasuwanninmu sai an tona, a manyan kantunan magani ko ta hanyar oda a intanet, kuma sun fi tsada nesa ba kusa ba. Zaƙinsu kuma ba ya daɗewa. Cikin minti biyar ya tafi, ya bar ka da danƙo da ɗan ƙamshin na'a-na'a. Wanda ya saba da mai daɗewa zai ga kamar an cuce shi, alhali wannan saurin gushewar sau da yawa alama ce ta babu abin da yake gudu a ciki.

Gida na biyun ma yana da nasa sharaɗin, kuma a ciki yake bayyana. Hanji ba ya tsotse su duka, ragowar sai ta jawo ruwa zuwa cikin hanji, bakteriyar babban hanji su yi ta aiki a kanta. Sakamakon shi ne kumburin ciki, iska, da gudawa. A watan Janairun 2008 likitocin asibitin Charité na Balin suka buga labarin marasa lafiya biyu a mujallar likitoci ta Birtaniya. Ɗaya budurwa ce 'yar shekara 21 da ta yi watanni tana gudawa har ta zubar da kilo 11, aka yi ta gwaje-gwaje ba a ga komai ba, sai da aka tambaye ta abin da take ci aka gano tana taunar cingam da yawan sobitol ɗinsa ya kai giram 18 zuwa 20 a kullum. Ɗayan magidanci ne ɗan shekara 46 da ya zubar da kilo 22 cikin shekara guda, yana taunar falle 20 a yini ga alewa marar sukari. Da suka daina, gudawar ta tsaya, jiki ya dawo. Falle ɗaya na ɗauke da kimanin giram 1.25 na sobitol, ka ga ba wuya mai yawan tauna ya tara abin da zai ɓata masa ciki. Zailitol ma yana yin haka in ya yi yawa, musamman ga wanda bai saba ba da kuma yara. Mai ciwon hanji da ke yawan kumbura ya fara da ƙwaya ɗaya ya ga yadda cikinsa zai karɓa.

Ba zan ɓoye wani sabon zance ba. Masu bincike a asibitin Cleveland na Amurka ƙarƙashin Stanley Hazen sun buga sakamako a 2023 kan eritiritol, a 2024 kuma kan zailitol, inda suka ga masu yawan waɗannan sinadarai a jini sun fi fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma jinin waɗanda aka ba giram 30 a abin sha ya fi saurin daskarewa. Giram 30 ya yi nisa da abin da ke cikin ƙwaya biyu ko uku na cingam, kuma jikin ɗan'adam da kansa yana ƙera waɗannan sinadarai kaɗan, abin da ya sa fassara sakamakon ke da wuya. Amma mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki ya faɗa wa likitansa, kuma kada ya ɗauki garin zailitol ya riƙa zubawa a shayi cokali-cokali. Wanda ke da kare a gida ko a gona kuma ya ɓoye cingam ɗin, domin zailitol guba ne ga kare, ƙwaya kaɗan na iya faɗar masa da sukarin jini har ya mutu.

Sai sitibiya, wadda ake tatsa daga ganyen wani tsiro na ƙasar Paraguwai. Wasu masu gudun zaƙin kamfani suna karɓarta tunda daga ganye ta fito, wasu ba sa karɓa. Abin lura shi ne, a shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Mayun 2023, cewa kada a dogara da sinadaran zaƙi don rage ƙiba, ta lissafa sitibiya tare da asfatam da sakarin, ba ta sa dangin sobitol da zailitol a ciki ba, kuma ta ce shawarar ba ta shafi masu ciwon suga ba. Kalmar "natural" a gaban kwali ma a yi hattara da ita. Akwai cingam da ake yi da danƙon cikil na asali, babu roba babu asfatam, amma da sukarin rake aka zaƙaƙa shi.

Duk wannan yana komawa ga jerin kayan haɗi da ke bayan kwali, wanda ake jerowa daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Masu tsananin zaƙi kullum can ƙarshe suke, don haka a karanta har ƙasa. Sunayen da za a nema yadda ake rubuta su su ne aspartame, acesulfame K, sucralose da saccharin. Kayan da suka fito daga Turai ko Turkiyya ko ƙasashen Larabawa sukan sa lamba a madadin suna: E950 asesulfam, E951 asfatam, E952 saikilamet (shi ma ɗan gida na farko ne), E954 sakarin, E955 sukuralos. E967 shi ne zailitol, E420 sobitol, E960 sitibiya. In xylitol ne farko a jerin kuma babu ko ɗaya daga lambobi biyar na farko, an dace. Ganin sunan zailitol a gaban kwali kaɗai bai isa ba, domin da yawa suna sa shi kaɗan su cike da asfatam. Kamfani ɗaya ma yakan sauya haɗinsa daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka kwalin da ke hannunka shi ne shaida. A Najeriya a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, mai kula da halal kuma ya duba kalmar gelatin, wadda ake samu a wasu masu ruwa a tsakiya.

A cikin jerin nan akwai lambar da ta kamata ta faranta wa Bahaushe rai, wato E414. Ƙaro ne, na bishiyar dakwara da danginta, wanda ake tsinta a Sudan da Chadi da jihohin Borno, Yobe da Jigawa, a kai shi Turai a yi wa ƙwayar cingam sulɓi da shi. Shi ne dai wanda almajirai ke haɗa tawada da shi, wanda yaran karkara ke ɓamɓarowa daga jikin bishiya su jefa a baki. Ƙaro narkewa yake yi ba ya zama danƙo, amma yana da 'yan'uwa da ake taunawa kamar cingam ba tare da ɗigon zaƙi ba. Akwai lubban da alhazai ke tsarabarsa daga Makka, wanda mutanen Sudan da Somaliya da Yaman suka daɗe suna taunawa. Akwai mistika, danƙon wata bishiya ta tsibirin Kiyos a ƙasar Girka, mai ɗan ɗaci da farko kafin ya yi laushi ya saki ƙamshi. Wanda ke son tauna zalla, babu gida na farko babu na biyu, nan ne amsarsa. Sai dai a nemi irin na ci, mai tsabta, domin wanda ake sayarwa don turaren wuta sau da yawa an jiƙa shi da turare. Suna da tauri kuma, mai cikon haƙori ko ciwon muƙamuƙi ya bi a hankali.

Abu ɗaya da ya fi damuna a wannan bincike ba a kanti na same shi ba. A ƙofar gidan Gwaggo na same shi, cikin kular zoɓo da kunun zaƙi da ake sayarwa a ƙulle a leda. Tun da sukari ya yi tsada, masu sana'ar da dama suna cike zaƙin da sakarin ko wani garin zaƙi da ake aunawa da ido, babu takarda babu lamba. Alamarsa ita ce zaƙi mai kaifi da ke barin ɗaci-ɗaci a maƙogwaro. Ƙulli ɗaya na iya ɗaukar abin da ya ninka na ƙwayar cingam sau da yawa. Da na faɗa wa Gwaggo haka sai ta yi shiru, sannan ta ce daga yau a gida za a riƙa dafa mata zoɓonta, da citta da kanumfari, ba zaƙi.

Cingam ɗin kuwa sai da aka yi mako uku kafin wani ɗan'uwa ya taho mata da mai zailitol daga Abuja. Ta kai wa likitanta kwalin ya karanta, ya amince mata da ƙwaya ɗaya bayan kowane abinci. Tana taunawa minti ashirin ta naɗe a takarda ta jefar. Tsakanin abinci, in bakin ya bushe, ta kurɓi ruwa ta jefa ɗan lubban, asuwakinta kuma yana nan a gefen dadduma.